Kofin Ruwan Balbela

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da ciwon gwiwar, da aikin gandu. Mu nan da sauƙi, in har wannan ne ake kira sauƙi. Baban Balbela ya koma aikinsa a maɗaba'a. Ni ma na buɗe keken ɗinki, sai dai shekaranjiya na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, ban lura ba sai da ta saka.

Takardarka ta ta'aziyya ta iso, mun gode. Na san ba za ka iya kira ba, tunda injin famfo ya cinye maka kunne. Kai da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne, wasu za su ce zumuncin ya yi nisa, amma a duk dangi kai kaɗai ne Balbela take rubuta wa wasiƙa da hannunta. Kai ka raɗa mata sunan ma, don siraran ƙafafun nan nata. Yau sati biyar ke nan ba ta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shukar nan, kariya, da ka kawo mata shekara shida da suka wuce, lokacin da ka zo ganin likitan kunne. Ka tuna a gwangwanin madara take, ba ta fi babban yatsa ba. Yanzu tana cikin bokitin roba, gindinta ya yi ƙato kamar tulu, ta yi rassa biyar. Bara ta yi furanni ja-ja har masu hawa na biyu suna leƙowa.

Kwana biyu kafin rasuwarta, a gadon asibiti, ta ce da ni, "Umma, ki kular min da kariyata." Na ce, "Ke za ki tashi ki kula da abarki, ni ba baiwarki ba ce." Ta yi dariya. Ba ta tashi ba, Kawu.

To, ga shi ganyen ya fara yin rawaya yana zuba. Kullum da safe sai na tsinci uku ko huɗu a ƙasa. Da na ga sanyi ya shigo, na ɗauke ta daga baranda na kai ta ɗakin Balbela, kusa da gado, na sa faranti mai zurfi a ƙarƙashin bokitin don kada ya jiƙa daɓe. Allah shi ne shaida, ban taɓa barin ta da ƙishi ba. Ka gaya mini wane magani zan saya, ko taki ne take so. Ita kaɗai ce abu mai rai da yarinyar nan ta bar mini, in ta mutu ban san yadda zan yi da kaina ba.

'Yarka,
Tela

*

Zuwa ga 'yata Tela,

Na gaishe ki, na gaida maigidan. Allah ya jiƙan Balbela, ya ba mu haƙuri. Gwiwa tana nan yadda kika sani, in na durƙusa gaban shuka sai na nemi wanda zai tashe ni.

Da sauri nake rubutun nan, direban tankar da ke kawo mana ruwa shi ne mai kai mana wasiƙu gidan waya, ga shi can yana ta nuna mini agogo.

Kada ki sayi komai. Ba magani, ba taki. Shekara talatin ina rainon itatuwan ƙasar da ba ruwa, ban taɓa ganin kariyar da ƙishi ya kashe ba. A nan kan dutse take fitowa, wata takwas ba ɗigon ruwa, ta yi fure abinta. Ba ciwo ne ke damunta ba, ke ce. Irin wannan ba rashi ke kashe su ba, yawan kulawa ne. Da ma kin cika tattali, tun ba yau ba na faɗa miki.

Ki mayar da ita baranda inda rana ke duka. Ki ɗauke hannunki daga kanta, ki manta da ita har wata guda. In ganye ya zube kaf, ki bar shi ya zube.

Sai na ji daga gare ki.

Kawunki na gandu

*

Kawu,

Na gaishe ka. Lafiyarmu lau.

Na karanta takardarka sau uku, kuma na gane abin da kake nufi. Da ka fito fili ka faɗa, da ya fi. "Ba ciwo ba ne, ke ce." "Yawan kulawa ke kashewa." Madalla.

Ban manta ba. Lokacin da Balbela take shekara goma sha bakwai ta nace sai ta zo wurinka ta ga inda kariya ke fure a kan duwatsu, na hana. Na ce daga gandunku zuwa asibiti mafi kusa tafiyar awa shida ce, in ciwon ya tashi a can fa? Ka ce na mayar da yarinya ƙwai a cikin cokali, ka ce numfashi ma sai da izinina. Ashe maganar tana nan a ranka, jira kake ta mutu ka ƙarasa.

Kai ba ka taɓa riƙe yaro mai sikila yana ihu yana cewa ƙashinsa ake sara ba. Ba ka taɓa zama a bencin asibiti kana roƙon jini ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara ashirin da biyu na yi ina wannan, yanzu ka ce in ɗauke hannuna in manta. Sati nawa aka yi?

Ganyen ya zube duka. Ba zan fitar da ita cikin sanyi ba, kuma ba zan bar ta da ƙishi ba. Kada ka wahalar da kanka da amsa.

Tela

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Yau wata biyu cif da na aika maka waccan takardar, ban ji komai ba. Na ce kada ka amsa, kai kuma ka bi maganata. Ban ga laifinka ba, magana zarar bunu ce. In fushi kake, ka ajiye shi na ɗan lokaci, don ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Jiya ina share ɗakin sai na ji wani wari, kamar na albasar da ta ruɓe a ƙasan buhu. Na duba ko'ina, ashe daga bokitin ne. Na taɓa gindin kariyar, yatsana ya nutse. Gefe ɗaya ya yi baƙi, ya yi laushi, wani ruwa yana tsattsafowa. Rassan sama dai har yanzu da ɗan taurinsu.

Bari in gaya maka abin da na ɓoye. Tun Balbela tana wata tara likita ya ce mini, "Ruwa shi ne rabin maganinta. In jikinta ya bushe, ciwon zai tashi." Daga ranar ban sake zama ba. Na saya mata kofin silba mai hannu. Da aka yi wayar hannu na sa ƙararrawa, kowace awa biyu, daga shida na safe zuwa takwas na dare. Sau takwas a rana. Ko ina tsakiyar yankan yadi, in ta buga sai in ajiye almakashi in kai mata. Takan ce, "Umma, ni fa ba randa ba ce." In ce, "Shanye, randa ma ai ba ta gardama."

Ƙararrawar tana nan, Kawu, ban cire ba. Ran nan babanta ya kashe ta a asirce, na kwana biyu ban yi masa magana ba, ya mayar da ita da kansa. In ta buga, kafin in yi tunani na riga na cika kofin ina tsaye a ƙofar ɗakinta. Gado a gyare, ba kowa. Ba na iya mayar da ruwan, ba na iya zubarwa a makwarara. Sai in juye wa kariyar. Ba kullum sau takwas ba, amma ban taɓa yin ƙasa da huɗu ba.

Na san za ka ce sabo turken wawa. Ka faɗa, na yarda. Amma ka gaya mini in akwai abin da ya rage. Amana ɗaya ta bar mini, ita ma ga shi ina kashe ta da hannuna.

'Yarka,
Tela

*

Zuwa ga 'yata Tela,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da maigida. Lafiyata ƙalau, sai dai yau ban iya cin abinci ba.

Takardunki biyu yau suka zo mini tare. Tankar ta lalace aka kai ta gareji, aka turo wata da wani direban, takardarki ta farko kuwa tana kwance a aljihun waccan motar duk tsawon lokacin nan, sai yanzu aka ciro ta. Wallahi ban yi fushi ba, ban ma san kin yi ba. Ina nan ina cewa a raina, shiru alama ce ta shuka ta warke. Da na karanta ta farko sai na zauna a kan buhun yashi, na daɗe ban tashi ba. Ni da itace nake magana, 'yata. Mutumin da ya shekara talatin ba ya hira da kowa sai tsirrai, bakinsa ya manta yadda ake yi wa mai makoki magana. Ki yafe mini. Maganar ƙwai a cokali kuwa na faɗe ta, kuma ban yi daidai ba.

Wannan takardar wata ma'aikaciyar jinya da ta zo mana nan ce za ta kawo miki hannu da hannu, gobe za ta taso. Ranar da ta iso ki yi aikin, kada ki kwana.

Gindin ya tafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Wannan kumburin da kike gani randarta ce, a nan take ajiye ruwan shekara. In sanyi ya shigo sai ta zubar da ganye ta yi barci, ba ta shan ko ɗigo. Duk ruwan da aka ba ta a lokacin sai ya kwanta a saiwa ya ruɓar da ita. Amma rassan da suke da tauri ana iya ceton su.

Ki samu wuƙa mai kaifi, ki goge ta da sifirit. Ki sa safar hannu ko leda, don ruwan jikinta dafi ne, kada ya kusanci ido ko baki. Ki yanke kowane reshe can sama da inda ya yi laushi. Ki duba bakin yankan. In kin ga ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa, ko da kamar kan allura ne, ki goge wuƙar ki ƙara yankewa sama. Ki yi ta yi har sai kin ga fari tas. Kada ki ji tausayi, ke tela ce, kin san in yadi ya ƙone ba a ɗinka wurin ƙunar. Ki barbaɗa garin gawayi a bakin, ki shimfiɗa su a kan jarida a inuwa, kwana goma. Ba ruwa. Za su yamutse, za ki ga kamar sun mutu, ki ƙyale su. Bayan nan ki kafa su a busasshen yashi mai tsakuwa, ki sake jira mako guda. Sannan cokali uku, ba ƙari. Ba za ki sake ba su ba sai kin tura yatsa gaɓa biyu kin ji a bushe.

Ki sani, wadda aka dasa daga reshe ba ta yin gindi irin na uwar. Ba za ta zama waccan ba. Amma furen iri ɗaya ne.

Akwai wani abu da aka hana ni faɗa, yau zan karya alkawari. Bara Balbela ta rubuto mini, takardar tana gabana, ga abin da ta ce:

"Kawu, na gasa ƙusa na ƙara huda ƙasan bokitin, don Umma takan juye wa kariyar ragowar kofina in na juya baya. Tana zaton ban sani ba. Kada ka gaya mata. Hannunta ne ba ya iya wuce abu mai rai bai ba shi ruwa ba. Wani lokaci ina kishin kariyar nan da ba wanda ke tsare ta sai ta shanye. Amma 'yan ajinmu na asibitin sikila mu bakwai ne, yanzu saura ni da wata. Ni na san abin da ya riƙe ni."

Kin ji. Ruwan da ya ruɓar da itacen nan shi ne ya ba ki yarinyar shekara ashirin da biyu. Hannunki bai yi kuskure ba, mai karɓar ce ta canja.

Kawunki na gandu

*

Zuwa ga Kawu,

Na gaishe ka da kyau. Ma'aikaciyar jinyar ta kawo saƙo ranar Talata da hantsi, Allah ya saka mata. Ban yafe maka komai ba, don babu abin yafewa. Ni ce na karanta abin da ke raina a cikin takardarka.

Na karanta maganar Balbela a tsaye. Daga nan na miƙa wa babanta, ya karanta, ya shiga banɗaki ya saki famfo don kada in ji kukansa. Na ji.

Da ya fito muka fitar da bokitin baranda. Farantin da na sa a ƙarƙashi cike yake da ruwa har ya yi gansakuka. Muka juye ƙasar, taɓo ne zalla. Na kifa bokitin na wanke gindinsa, sai ga hujojin. Uku manya, na mai sayarwa. Sauran ƙanana, gefensu ya narke inda ƙusar ta shiga, ta jera su a da'ira tsaf yadda take jera magungunanta. Goma sha ɗaya. Yarinyar nan ta buɗe wa ruwana hanyar fita don kada ta ce mini daina, ni kuma na zo na toshe da faranti. Na zauna a daɓe na rungume bokitin roba ina kuka, har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa.

Na miƙa masa wuƙar na ce, "Kai ka yanka."

Ya ce, "Ni aka ba amana ko ke? Zan riƙe miki."

Ya riƙe, na yanka. Reshe na farko na yi ta yanka ina hawa sama, baƙin yana bina, har ya ƙare a hannuna. Na biyu ya yi fari bayan yanka uku. A na uku na ga ɗan ɗigo, na ce, "Wannan ai ba komai ba ne."

Ya ce, "Kawu ya ce ko kan allura."

Na ce, "Saura kaɗan fa ya rage."

Ya miƙo mini sifirit. Na yanka.

Huɗu muka samu, mafi tsawonsu bai wuce tafin hannu ba. Gindin kuwa da muka tsaga, cikinsa ya narke gaba ɗaya. Ban iya jefa shi a shara ba, babanta ya naɗe a jarida ya fita da shi, ban tambaye shi inda ya kai ba.

Yau kwana shida suna kwance a kan teburin karatunta. Sun yamutse kamar yadda ka ce. In ƙararrawa ta buga nakan zo da kofin in tsaya a kansu. Ban zuba ba. Kawu, ban taɓa yin aiki mai wuya irin kallon abu yana bushewa ina riƙe da ruwa ba.

'Yarka,
Tela

*

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa. Na ji an ce an gyara tankar, ina fata wannan ba za ta kwana a aljihun mota ba. Babanta yana gaishe ka, ya ce a tambayi gwiwa.

Cikin huɗun, biyu sun yi baƙi tun suna kan jarida. Na kafa biyu a yashi. Ɗaya ta faɗi da kanta bayan kwana huɗu, na ɗaga na ga ƙasanta ya ruɓe, ita ce mai ɗigon nan, ashe ban yanka ya isa ba. Saura ɗaya, ƙaramar cikinsu. Tana cikin bokitin Balbela a baranda, ba faranti. Ba ganye, ba komai, wani ɗan guntun itace ne kawai a tsaye. Amma na taɓa ta yau da safe, da tauri. A samanta akwai wani ɗan tsini kore, bai kai ƙwayar gero ba. Babanta ya ce idona ne. Sai da na sa masa tabarau ya gani.

Ban yi maka alkawarin za ta rayu ba. In ta rayu har ta yi fure, zan zo da kaina in ga duwatsun nan da na hana yarinyar gani. Ka nuna mini inda ka so ka tsayar da ita.

Ƙararrawar na rage ta, saura ta safe da ta yamma. Waɗannan biyun ban iya ba tukuna.

Jiya makon ya cika. Na tura yatsa gaɓa biyu, yashi a bushe ƙamas. Na ɗauko kofinta na cika, na ɗauko cokali. Ka ce uku. Na zuba ɗaya, na zuba biyu, na zuba uku, yashin ya shanye nan take kamar ba a zuba komai ba. Kafin in ankara na riga na ɗebo na huɗu. Na tsaya da shi a hannu, ina jin muryarta tana cewa ita ba randa ba ce. Na mayar da shi cikin kofin. Sannan na zauna a bakin ƙofa na shanye ruwan duka, kamar yadda nake sa ta yi.

'Yarka,
Tela